Ƴar Rakiya a Motar Mayahi

Jikata Nafisa ce ta jawo wannan rubutu. Ran nan ta zo da wayarta ta nuna mini wata mota mai gilashi har sama, tana bin gefen ruwa a wata ƙasar Turawa can arewacin duniya, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu kamar yatsun hannu, garuruwa kuma kowanne a kan tsibirinsa. Mutanen cikin motar ba abin da suke yi sai kallo. Ta ce, "Kaka, ashe aikinki ke nan. Ki hau mota, a biya miki, ki yi ta kallon gari, ki dawo a ba ki sabulu." Ƙawayenta suka kwashe da dariya. Na ce mata, "Ke da ko Maradi aka kai ki sai an tanadi ledar amai." Ban ƙara ba, don ni bakina ba ya saurin amsa. Amma tun da Allah ya sa na shiga yaƙi da jahilci hannuna ya saba da alƙalami, bari in amsa muku a nan, ku da kuke ganin rakiya zaman mota ce.

A lokacinmu babu kabu-kabu, babu waya. Babbar mota ce mai bodin katako, takan tashi daga tashar Tasawa ranar kasuwa, in ta wuce ka sai wani mako. Yarinya kuwa in ta yi cikin fari, to da ya shiga wata bakwai gidan iyayenta ake mai da ta goyon ciki, can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai ta yi arba'in a dawo da ita. Miji ba zai kai ta ba saboda kunya, uwar miji kuma ga gida a kanta. Sai a nemi macen da aka yarda da ita, wadda ta san hanya, direbobi suka san ta. Ni ce wannan macen. Na kai ƴaƴan mutane Korgom, na kai Mayahi, na kai Atantane da Mai Rairai, na kuma komo da su da goyo a baya. Wani lokaci tsohuwa ce za a kai asibiti, wani lokaci amarya ce za ta ganin gida. Amma masu cikin fari su ne ainihin aikin.

Ƙanwar babana, Gwaggo Dela, ita ta koya mini. Tafiyata ta farko da ita Korgom muka kai wata yarinya. Da muka hau sai na yi maza na kama wuri a gefe, ina fuskantar gaba, iska na bugun fuskata. Gwaggo ta kama kafaɗata ta juya ni kamar ana juya tulu.

"Habsu, mai son kallon hanya shi ke biyan kuɗin mota. Ke an biya miki. Ki ba hanya baya."

"To mi zan kalla, Gwaggo?"

"Ƙahwahunta."

Na ɗauka wasa take yi. Ba wasa ba ne. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya a ƙasarmu ba za ta buɗe baki ta ce cikinta na ciwo ba, ballantana cikin fari, ballantana a gaban maza. Tun tana ƙarama ake faɗa mata cewa wadda ta yi kuka a haihuwa har jikokinta sai an yi musu gori. Fuska kuwa ta koyi ɓoyewa. In kin tambaye ta, "Lahiya?" za ta ce lahiya lau ko da ranta na fita. Amma yatsun ƙafa ba su san kunya ba. In suka lanƙwashe suka kama katako, suka saki, can an jima suka sake kamawa, to ki fara shiri. Sai leɓen sama da ke tsatsar gumi alhali ana sanyi. Sai wadda take tauna goro ko tsamiya ta tsaya cak da abin a baki. Waɗannan Gwaggo ta nuna mini, ɗaya bayan ɗaya, a tafiye-tafiye da yawa, kafin ta bar ni in ɗauki amana ni kaɗai.

Kayan aikina kwando ɗaya ne mai murfi. Ƙwarya da ludayi, buta, zane biyu wankakku da ba na ɗaurawa ko da nawa ya yage, sabulu, tsamiya da lemun tsami saboda tashin zuciya, kanwa, igiya, sai sabuwar reza a cikin takardarta da zare. Rezar da zaren daga baya suka shigo, bayan da aka tara mu mata a matanite, asibitin haihuwa na Tasawa, aka nuna mana yadda ake yanke cibiya da tsabta, da yadda ake murza mara in jini ya ƙi tsayawa. Gwaggo da tsinken kara take yanka. Da na kawo mata reza ta juya ta ta juya, ta ce, "To, zamani ya zo," ta sa a kwandonta, ba ta yi gardama ba.

Neman wuri a mota ma ilimi ne. Da asuba nake zuwa tasha, tun ba a fara lodi ba. Ba a zaunar da mai ciki a kan tayar baya, nan ne mota ke jifa da mutum. Bayan kan mota ake nema, ɓangaren da rana ba za ta doka ba, kuma ɓangaren yana sauyawa, tafiya arewa daban, dawowa daban. A nisanta ta da jarkar isansi, wato fetur, da awaki, da mai buhun daddawa. A sa mata buhun dusa ko damin kaba a baya. Na sha yin rabin safiya ina lallashin wani Alhaji ya matsa taku ɗaya. Ba a faɗa da fasinja. Ki gaishe shi, ki tambayi iyali, ki ce, "Alhaji, ɗiyarka ce, a taimaka." Kunya ke ɗaga shi, ba ƙarfi ba.

Da soja suka karɓi mulki sai bariyoyi suka yi yawa a hanya. A tsai da mota, jandarma ya hau, kowa ya fito da katinsa. Yawancin ƴan matan nan ba su da kati, ko shekarunsu ba a rubuta ko'ina ba. Ni nake amsa musu. In ce ɗiyar wane ce ta unguwa kaza, matar wane, za ta gidansu goyon ciki. Da suka saba da fuskata sai su leƙo su ce, "Madam, yau nawa kika kwaso?" Zamanin ba a wasa da hukuma, amma ban taɓa ganin an sauke mai ciki daga hannuna ba.

Kallon ƙasa da kuke zance, na yi shi, amma sai ranar da na dawo hannu wofi. Ku da kuka san Gulbin Kaba busasshe, rairayi da goriba, ba za ku yarda ba. In damina ta yi albarka ruwa kan kwanta a kwarin, ya shiga tsakanin tuddai lungu-lungu, ƙauyuka su rage a bisa kowanne shi kaɗai, rumbuna da bukkoki na kallon kansu a ruwa. Goriba tsaye ruwa ya kai mata gwiwa, gawo tsirara ba ganye, balbela fari fat a kan reshe. Daga saman mota abin yana da kyau. Ga direba kuwa tashin hankali ne.

Shekarar da zan ba ku labari ita ce wadda ta biyo babban fari na biyu, lokacin ina da ƴaƴa huɗu. Daminar da ta wuce hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Da rani mutane suka yi ta gangarawa kudu, motocin da ke zuwa daga arewa cike, masu komawa ba kowa sai buhunan taimako. Aka ci anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, aka ci dusa, aka tone gidan tururuwa. Aikina ya tsaya, don wa zai aika ɗiya gidan da ba tuwo? Da sabuwar damina ta faɗi, yunwar ta fi tsanani, abin da ya rage an zuba a ƙasa, sabo kuma bai nuna ba.

A cikin wannan hali wata tsohuwa ta unguwarmu ta zo ta ce in kai matar ɗanta, Rabi, ƙauyensu gaban Mayahi, hanyar Atantane. Na tambayi wata nawa. Ta kau da kai ta ce, "Bakwai dai, kamar yadda aka saba." Da na ga yarinyar na san bakwai ta daɗe da wucewa. Riƙe ta suka yi don sun ji arewa ba abinci, su kuma suna samun ɗan garin rogo daga Najeriya. Da abin ya matso sai kunya ta kama su, kada a ce ɗan fari ya faɗo a gidan miji. Faɗin gaskiyar watan kuma wata kunyar ce. Rabi siririya, wuya kamar kara, cikin ya sauko ƙasa. Na so in ƙi. Amma in na ƙi, da wata za su haɗa ta wadda ba ta da ko reza.

Motar Ɗan Jimma muka samu. Direba ne mai surutu, yana kiran motarsa Amarya, ko ƙusa ba ya yarda a buga mata. Ya ɗauko buhunan jar dawa na taimako za a kai arewa, da gardi ɗaya, dogarin hukuma mai bindiga, a zaune a kansu. Fasinja kaɗan ne, maza kamar goma, mata tsofaffi biyu masu sayar da tabarmi. Muna shirin tashi sai ga Malam Sha'aibu, uban mijin Rabi, dattijo mai furfura, da sandarsa. Ya ce wai Mayahi za shi neman kaba. Ya shiga gaba kusa da direba. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mun isa Mayahi da hantsi. Aka sauke wasu, aka ɗauki wasu. Malam Sha'aibu bai motsa ba.

"Malam, ga Mayahi," in ji Ɗan Jimma.

"Na gani. An ce kabar gaba ta hi kyau."

Ɗan Jimma ya leƙo ta taga ya dube ni, ya tada mota.

Mun bar garin ba da nisa ba hadari ya haɗo daga gabas. Aka ja tamfol. Ruwa ya sauko irin wanda aka yi shekaru ba a gani ba, maza na ta hamdala a ƙarƙashin tamfol. Ni kuwa idona na kan ƙafafun Rabi. Tun kafin Mayahi yatsun suka fara kamawa suna saki. Yanzu tsakanin ya rage. Na matsa na ce a hankali, "Ɗiyata, yaya?" Ta ce, "Lahiya lau, Inna."

Motar ta ratsa wani kwari ruwa na dukan taya, ta hau tudu, ta gangara, sai ta tsaya. Gabanmu ruwa ne shimfiɗe, ja, yana tafe da kara da kumfa. Ɗan Jimma ya ce a koma. Kafin ya juya, kwarin da muka baro shi ma ya cika. Muka rage a kan tudu, ruwa gaba, ruwa baya. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito, kuma ga ƙauyen su Rabi can tsallake a kan nasa tudun, ana hango rumbuna, amma ko kira ba zai kai ba.

"Sai gobe in Allah ya kai mu," in ji Ɗan Jimma. "Amarya ba ta iya iyo ba."

Rabi ba ta da gobe. Zanenta ya jiƙe, ba kuma da ruwan sama ba. Ga maza kewaye da ita, ga surukinta a gaba, tsakaninsu katako ɗaya. Na san irinta. In mazan nan ba su tashi ba za ta matse, ta danne, ta ƙi durƙusawa har abin ya zama na rai. Na sauka na je tagar direba.

"Ɗan Jimma, mazan ga ba za su je su dubo zurhin ruwa ba?"

Ya buɗe baki zai yi raha, ya ga fuskata, ya rufe. Malam Sha'aibu ne ya riga shi sauka. Ya buga sanda a jikin mota.

"Jama'a, ku taso mu tahi mu ga ruwa. Ga azahar ma ta yi."

Wani ɗan kasuwa da ya miƙe ƙafa a kan buhu ya ce, "Malam, ai daga nan ina ganin shi."

"Daga nan ba a ganin shi da kyau. Taso."

Ya taso. Gardin ya dubi buhunan, ya dube ni, ya rataya bindiga ya bi su. Suka tafi can ƙarshen tudu ƙarƙashin goriba, suka ba mu baya gaba ɗaya.

Muka ɗaura zannuwa a ƙarfen mota ni da tsofaffin nan, muka shimfiɗa sabuwar tabarma daga cikin hajarsu. Na ce, "Rabi, ba kowa. Durƙusa." Ta kama igiyar da na ɗaura mata a sama. Ba ta yi kuka ba, sai wani nishi da ke fita ta hanci. Kafin la'asar yaro ya faɗo, ƙarami kamar ɗan zomo, amma da murya. Na yanke cibiya, na ɗaure, ɗaya tsohuwar ta naɗe shi. Kukansa ya kai gindin goriba, na tabbata. Ba wanda ya waiwayo. Daga baya Ɗan Jimma ya ce mini zancen fara suka yi ta yi, har wanda bai taɓa noma ba ya ba da shawara.

Mabiyiya ta fito, amma jini ya fi yadda nake so. Na murza mara kamar yadda aka nuna mana har ya ja baya. Sai sanyi ya kama ta. Haƙora na haɗuwa, leɓe ya yi fari, tafin hannu kamar randa. Jikin da ya yi watanni a kan garin rogo ba shi da abin da zai mayar. Mai jego wuta take so da abu mai zafi a ciki, mu kuwa duk itacen tudun ya sha ruwa.

Na kira Ɗan Jimma gefe na faɗa masa. Ya zagaya motar yana dube-dube. Sai ya hau, ya sa ƙarfen taya ya ɓalle katakon bencin da ke bayan kan mota, busasshe, ya faskara shi da hannunsa. Yana yi yana cewa, "Yi haƙuri, Amarya, haihuwa ta hi kwalliya." Ya ɗiga isansi, wuta ta kama. Na dafa ruwa a garwarsa, na gasa mata jiki, na jiƙa tsamiya da ɗumi na ba ta. Ta sha, amma ruwa ruwa ne. Kunu ake so. Muna zaune a kan buhunan dawa, ba mu da garin da zai cika ludayi. Gardin ya matso ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Inna, da nawa ne..." Na ce, "Na sani, ɗana." Ban roƙe shi ba. A zamanin nan buhun taimako in ya yi ɓaraka, wanda aka ba tsaro shi zai amsa, kuma ko ya buɗe, ba turmi a tudun.

Na je wurin Malam Sha'aibu na durƙusa.

"Malam, an sauka. Namiji ne. Amma uwar tana son abinci mai zahi, kuma tana son uwarta."

Ya dubi ruwan. Sai ya tuɓe babbar riga ya naɗe ta a ka. Ɗan Jimma ya ce, "Haba Malam, bari a samu mai ƙarhi." Ya ce, "Mai ƙarhi bai san wurin ba. Na bi nan da jakai tun ba a haihe ka ba. Layin goribar can tsohuwar gaɓa ce." Ya shiga yana dogara sanda. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, a tsakiya ya kai ƙirji, ya tsaya, muka ga sandar na lalube, sannan ya ci gaba. Muka bi shi da ido har ya zama ɗan farin abu a tsallake.

Na koma cikin zannuwa na rungume Rabi ta baya don ta ji ɗumin jikina. Tun safe sai an tambaye ta take magana, sai a lokacin ta fara da kanta.

"Inna, Baba ya ji ni?"

"Bai ji komi ba. Ke ma ba ki yi komi ba."

Ta lumshe ido. Ban bar ta ta yi barci ba. Na yi ta tambayarta sunayen ƙannenta, da na awakinsu, da wanda ya haƙa rijiyar garinsu. Tsofaffin na ta ƙara katako a wuta kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare.

Rana ta yi ja lokacin da muka hango su. Malam a gaba, samari biyu ɗauke da gadon kara a bisa kai, sai wata mace doguwa, ruwa har ƙirji, hannu ɗaya riƙe da tukunya a ka. Hasiya ke nan, uwar Rabi. Ta hau tudu zanenta na zuba. Ta gaishe da Ɗan Jimma, ta gaishe da gardi, ta gaishe da tsofaffi, ta gaishe ni, ta tambayi mutanen Tasawa da gajiyar hanya. Inda ɗiyarta take kwance ko kallo ba ta kai ba. Rabi ƴar farinta ce, ba ta kama sunanta, ba ta duban ta a gaban mutane.

Ta sauke tukunyar ta kwance tsumman bakinta. Garin hatsi ne, fari, sabon daka, ƙamshinsa ya cika wurin. Ɗaya tsohuwar ta sa hannu a baki, don mun yi watanni ba mu ji wannan ƙamshi ba.

"Hasiya, ina kika samo hatsi a wannan shekara?" na tambaye ta.

"Daga iri na rage," ta ce, tana hura wuta. "Na turbuɗe shi a ƙarƙashin gado. Maigida ya yi ta zagin ɓera. Gehen gonarmu na yamma ba a shuka ba."

Ta dama kunu a kan wutar bencin Amarya. Na miƙa mata kanwa, ta gutsuri kaɗan ta mayar mini da sauran. Ta ce, ba da kowa take ba, "Wasu tun suna ƙanana ba su son ta da yawa." Ta juye a ƙwaryata, ta miƙo mini in kai.

Na ce, "A'a. Hannuna ya gaji. Ke za ki ba ta."

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. Sai ta shiga cikin zannuwan ta durƙusa, ta juya fuskarta wajen ruwa, ta ɗebo ludayi ta miƙa ta gefe ba tare da ta duba ba. Ludayin bai kuskure bakin ba. Rabi ta sha. Ta sake ɗebowa, ta sha. Ni ina riƙe da jaririn, idona a kan goshin yarinyar. Ƙwaryar ta kusa rabi sai na ga gumi ya tsatso mata a gindin gashi, ya gangaro ta gefen kunne.

Na leƙa waje na ce wa Malam Sha'aibu ya sa rigarsa, kada sanyi ya kama shi, ya zo ya yi wa jikansa kiran salla a kunne.